Safara'u da Ɗigon Ruwan Kogi

Duk wanda ya tashi a unguwannin bakin kogi a Wudil ya san gidan Sabo Mai-fito, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana tsallakar da manoma a kwale-kwale zuwa gonakinsu na ƙetare. A gidan nan aka haifi Safara'u. Mahaifiyarta ta rasu tun ba a yaye ta ba, sai ƙanwar Sabo, Hansai mai bandar kifi, ta ɗauke ta ta goya, ta raine ta cikin hayaƙi da ƙarnin tarwaɗa. Safara'u ta iya iyo kafin ta iya ɗaura zani. Ruwan kogin nan shi ta sha, da shi aka yi mata wanka, a bakinsa ta koyi wanki.

Tun tana 'yar mitsitsiya an san ta da wata ɗabi'a mai gundurar manya: ba a faɗin magana a gabanta ta wuce haka kawai. In aka ce akwai aljana a ƙarƙashin gada, sai ta ce wa ya gan ta. In aka ce wane ne ya gani, sai ta ce a je a tambaye shi. Har Hansai ta gaji ta laƙaba mata suna Wa-ya-ce, sunan ya bi ta har makarantar boko. Malamin Islamiyyarsu ne kaɗai bai taɓa ƙosawa da ita ba. Shi ya ba ta labarin malaman hadisi na dā, waɗanda mutum kan yi tafiyar watanni don kawai ya ji daga bakin wa aka samo wata magana, kuma shi wancan ɗin mai gaskiya ne ko mai ƙari. Ranar nan da tsalle ta dawo gida, don ta gano ashe an yi manyan mutane masu irin halinta, kuma ba a zage su ba.

Da ta gama sakandare ta tafi Kano ta karanci aikin laburare. Dangi suka yi ta dariya: ga aikin jinya, ga koyarwa, ita ta rasa abin zaɓa sai gadin littattafai. Ta dawo ta auri Malam Muhyiddeen, malamin kimiyya a wata sakandare, aka kuma danƙa mata wani ɗan laburaren jama'a da ke kan hanyar kasuwa. Ɗaki guda ne da baranda, da kantocin katako waɗanda gara ta sha kai wa hari, da fanka mai juyawa in an ga dama an kawo wuta, da kwamfuta guda. Lokacin jarrabawa ɗalibai kan cika wurin har baranda. Sauran watanni kuwa, daga ita sai ƙadangaru sai Malam Ƙasimu.

Malam Ƙasimu tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Kowace safiya yakan zo a kekensa, ya jingine shi jikin bishiyar dalbejiya, ya yi doguwar gaisuwa har ya tambayi lafiyar kajin gida, sannan ya zauna ya buɗe jarida yana karantawa a fili yana gardama da ita. Idan wani labari ya ɗaure masa kai sai ya ɗago ya ce, "Malama, wannan fa? Duba mana." Ita kuwa abin da ta fi so ke nan a duniya. Sai ta hau bincike, ta sauko da wannan littafi, ta buɗe kwamfuta, har sai ta kawo masa asalin maganar. Haka suka yi shekaru.

A daminar da ta biyo bayan shekarar korona, jim kaɗan bayan Babbar Sallah, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya shiga kwari, ya wanke bayan gari da shadduna, ya koma da komai cikinsa. Ba a jima ba aka fara jin amai da gudawa, da farko a ƙauyukan wajen Utai, daga baya a cikin gari. Mutum zai wayi gari lafiya lau, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yamushe. Ma'aikatan lafiya suka kafa rumfunan jinya, suka kuma shiga unguwanni suna zuba wani farin garin magani a rijiyoyi, wanda suka ce sunansa kulorin.

Sai wani saƙon murya ya ɓulla a wayoyin mutane. Muryar wani dattijo ce, a natse, da sallama da salati, irin muryar da ba ka tsammanin ƙarya daga gare ta. Ya ce farin garin nan shi ne cutar. Ya ce wanda bai kashe ba zai hana shi haihuwa. Ya ce a guji rijiyoyin da aka zuba wa, a koma wa ruwa mai gudu wanda hannun kowa bai taɓa ba, kuma duk wanda aka kai rumfar jinya ba ya dawowa. Kafin a ankara saƙon ya shiga kowane gida. 'Yan garuwa suka daina zuwa rijiya, suka koma mashaya, mata suka bi su da tuluna da jarkoki.

Safara'u ta fara da abin da aka koya mata. Ta nemo bayanan hukumomin lafiya, ta mayar da su Hausa mai sauƙi, ta buga, ta manna a ƙofar laburare da bakin masallatai da shagunan cajin waya. Ruwan sama ya jiƙa wasu, awaki suka cinye wasu, sauran kuwa mutane suka wuce su kamar ba su gani ba. Takarda ba ta yi sallama ba, ba ta yi salati ba. Dattijon cikin waya ya yi.

Daga nan ta juya kan saƙon kansa. Ta saurare shi har ta kusa haddacewa, sai kunnenta ya kama wani abu: a tsakiyar magana dattijon ya ce, "ga shi muna bakin azumi." Alhali naman layya ma bai ƙare a gidaje ba. Ta kuma lura ya ambaci sunan wata kasuwa da ba ta taɓa ji ba a ƙasar Kano. Ta shiga bin sawu. Wadda ta turo mata ta ce daga mijinta ne, mijin ya ce daga wani direban tifa mai ɗiban yashi, direban ya ce daga wani guruf na waya na 'yan garinsu, a can kuma kowa ya ce shi ma turo masa aka yi. Babu mutum ɗaya da ya san sunan dattijon ko garinsu. Da ta bincika a kwamfuta sai ta iske an taɓa yaɗa wannan murya shekarun baya, a wata ƙasa, kan wata rijiya dabam.

Da murnarta ta nufi gidan Gwaggo Hansai, don ta san matan mashaya ba sa ƙetare maganarta. Ta iske ta a gindin murhun banda tana juya kifi. Bayan sun gaisa ta zayyana mata duk abin da ta gano.

Hansai ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, Wa-ya-ce, na ji. Tsohuwar magana ce. Sai me? Gaskiya tana rubewa ne don ta tsufa?"

"Gwaggo, ba mu san ko wane ne ba fa."

"Ni kuwa na san hancina. Je ki rijiyar bayan gidan nan ki sunsuna, wari kamar an wanke asibiti. Sannan ki je kogi ki ɗebo a ƙwarya ki bari ya kwanta, ki ga in ba za ki ga fuskarki a ciki ba. Ruwan da ya raine ki ne yau kike kawo mini ƙararsa?"

Safara'u ta dawo jiki a sanyaye.

Ana cikin haka Malam Ƙasimu ya daina zuwa. Da ta ga shiru ya yi yawa ta je gidansa, sai ta tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza zaune sun yi jugum. Iyalinsa sun koma shan ruwan kogi ba tare da ya sani ba, don a randa ake juye masa. Da ciwon ya kama shi ya roƙa a kai shi rumfar jinya, 'ya'yansa suka tsaya shawara saboda tsoron abin da suka ji a waya. Kafin su yanke, ƙarfinsa ya ƙare. Kekensa na nan jingine a zaure. Safara'u ta shiga cikin gida ta yi ta'aziyya, ta fito tana share hawaye da gefen hijabi. Mutumin da bai taɓa karɓar magana ba sai an duba masa, ga shi maganar da ba a duba ba ta tafi da shi.

Da yamma tana zaune a tsakar gida ta kasa cin abinci, ta ce da mijinta, "Abban Bilkisu, sun ce ruwan garau yake. Kuma wallahi garau ɗin yake. Da me zan yi musu da idon mutum?"

Malam Muhyiddeen ya ce, "Ke kin taɓa leƙa madubin likita, mai nuna abin da ido ba ya gani?"

Sai ta ji kunya ta kama ta. Ta ga hotonsa a littattafai ba adadi, ta sha nuna wa ɗalibai shafin da aka zana ƙananan halittu, amma idonta bai taɓa ganinsu ba. Makarantarsu ta 'yan mata ba ta da shi.

Washegari ya nemi izinin shugaban makarantarsu, ya zo da madubin a akwatin katako. Tsoho ne, baƙi, mai nauyi, ba ya buƙatar lantarki, wani ɗan madubi ne a ƙasansa ke ɗauko hasken rana. Ita kuma ta je mashaya ta ɗebo ruwa a kwalba, daidai inda mata ke ɗiba, gefen ciyayi. Ya ɗiga ɗigo guda a kan wani ɗan gilashi, ya rufe da wani, ya yi ta murɗa har ya daidaita, sannan ya matsa mata.

Da farko haske kawai ta gani, zagayayye kamar farin wata. Sai wani abu ya gilma. Ta ja da baya da sauri har ta kusa ture teburin. Ta sake sa ido. Ga wata halitta mai siffar tafin takalmi, jikinta duk gashi, tana juyawa tana tafiya, ta ci karo da wani ɗan datti ta ja baya ta canza hanya, kamar mai hankali. Ga wasu koraye, dunƙulallu, suna mirginawa a hankali. Ga wata kamar ƙararrawa a kan tsinke, ta miƙe ta buɗe baki, sai ta tsuke farat ɗaya. Wasu ƙanana ƙwarai suna ta kai da kawo kamar ranar kasuwa. Duk a cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero biyu ba.

"Subhanallahi," ta ce. "Subhanallahi. Abban Bilkisu, suna cin abinci?"

"Suna ci, suna haihuwa, suna mutuwa."

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta tuna duk shekarun da ta yi tana nutso a kogin nan ido buɗe, tana zaton ita da kifaye ne kawai a ciki. Ashe kowane tafin ruwa da ta kurɓa gari ne guda da jama'arsa, kowanne da rabonsa da kwanansa, kuma babu wanda Mahaliccinsa ya manta da shi. Tsigar jikinta ta tashi. Da ta ɗago ta kalli kwalbar, ruwan yana nan garau kamar ba komai.

Ta tambaye shi wanne ne mai kawo amai da gudawa. Ya ce babu shi a cikin waɗanda ta gani. Waɗannan manya ne, yawancinsu ma ba sa cutar da mutum. Ita ƙwayar cutar ta fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tsohon madubin nan da ƙyar zai nuna ta, in ma ya nuna ba za a bambance ta ba.

Safara'u ta je ta sami Kausar, wata matashiyar ma'aikaciyar lafiya da ke cikin masu zuba magani a rijiyoyi, wadda aka sha kora daga gidaje. Suka shirya. Da hantsi, lokacin da mashaya ta fi cika, suka kafa ɗan tebur a kan yashi. Mata suka tsaya nesa suna kallo, 'yan garuwa suka ajiye kurarsu. Kausar ta matso kusa da kunnenta ta ce, "Anti, ki ce musu wannan ce ƙwayar kwalara. Wallahi suna gani za su bar kogin nan yau."

Safara'u ta girgiza kai. "Ba ita ba ce ai."

"Su ina za su sani? Rai muke ceto."

"Yau ba za su sani ba. Amma akwai 'ya'yansu a jami'a. Ranar da ɗaya ya dawo ya ce ƙarya muka yi, daga ni har ke mun zama ɗaya da dattijon cikin waya, kuma ba mai sake sauraronmu."

Kausar ta ɓata rai.

Babu wanda ya yarda ya fara leƙawa, sai ga Hansai ta ɓullo da tulunta. Ta dubi teburin ta dubi 'yar ɗan'uwanta, ta ce, "Yau kuma da injin kika zo?"

"Gwaggo, ki ɗebo ruwa da hannunki, a ƙwaryarki, inda kika saba ɗiba. Ba zan taɓa shi ba."

Hansai ta ɗebo. Ita da kanta ta tsoma tsinken tsintsiya ta ɗiga a kan gilashin. Safara'u ta juya ɗan madubin har ya kamo rana, ta daidaita, ta matsa. Tsohuwar ta gyara ɗankwali, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta sunkuya.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar motoci a kan gada. Mutane suka ga bayan Hansai ya sandare. Can ta ɗago a hankali ta leƙa ƙarƙashin madubin, ta shafa teburin, ta duba ko an ɓoye wata waya. Ta koma ta sake sa ido.

"La'ilaha illallahu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ga wani ya bi wani da gudu. Kai! Ya kama shi." Ta ɗago, idanunta sun ciko. "Safara'u, waɗannan a ƙwaryata suke?"

"A ƙwaryarki suke, Gwaggo."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife mu."

Nan take aka yi layi. Mata, 'yan garuwa, masunta, har masu ɗiban yashi suka bar aikinsu suka hauro. Wani ya leƙa ya yi kabbara. Wata ta leƙa ta tofar da yawu ta ruga, sannan ta dawo ta sake bin layi. Wani tsoho masunci ya daɗe a sunkuye, da ya ɗago sai ya koma gefe ya zauna yana kallon kogin yana jan carbi. Kowa na son a gwada ruwan jarkarsa.

Sai wani ɗan garuwa ya ɗaga murya ya ce, "To su ne masu kashe mutane ke nan?"

Safara'u ta ji idon Kausar a kanta. Ta ce, "A'a. Waɗannan da kuka gani yawancinsu ba ruwansu da ku. Mai kawo cutar ya fi su ƙanƙanta, wannan madubin bai isa ya nuna mana shi sosai ba. Sai a manyan ɗakunan gwaji ake gane shi."

Aka yi gunaguni. Wasu suka fara ɗaukar jarkokinsu. Hansai ta ce, "To in ba shi ba ne, me kika tara mu mu gani?"

"Gwaggo, rannan kin ce mini ruwan garau yake, kuma gaskiya kika faɗa. Na zo ne ki ga garau ɗin bai hana wani abu zama a ciki ba. In waɗannan manyan sun ɓuya wa idonki shekara da shekaru, ƙaramin zai kasa? Kin ga inda ambaliya ta bi kafin ta koma kogi. Kin san abin da ta kwaso."

Hansai ba ta tafi ba. Waɗanda suka ɗauki jarkoki ma suka tsaya.

Kausar ta ga dama ta samu, sai ta ɗauko ruwan kulorin mai ƙarfi da suke surkawa, ta ɗiga a gefen gilashin, ta ce Hansai ta duba. Tsohuwar ta duba, ta ga halittun sun rage gudu, sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sai ta miƙe zumbur ta juya wajen jama'a.

"Kun gani ko! Ya kashe su duka! Abin da ya kashe waɗannan, mu zai ƙyale?"

Wuri ya kaure da hayaniya. Kausar ta rikice. Safara'u ta ga aikin duka zai rushe a hannunta. Ta bari hayaniyar ta ɗan lafa, sannan ta ce, "Gwaggo, da ina ƙarama matsattsaku ya taɓa maƙale mini a ƙafa a nan wurin. Me kika zuba masa?"

"Gishiri."

"Ya mutu?"

"Nan take ya saki ya murƙushe."

"A daren ranar kin sa gishiri a miya?"

Wata mata ta tuntsire da dariya, wasu suka taya ta. Safara'u ba ta yi dariya ba. Ta ce wanda Kausar ta ɗiga yanzu mai ƙarfi ne, ba a surka ba, kuma shi kam ba a sha. Wanda ake sa wa rijiya ɗan kaɗan ne cikin ruwa mai yawa. Ta ce ruwan famfon da ta sha duk shekarun karatunta a Kano da irinsa ake tsabtace shi, ga shi ta dawo ta haifi Bilkisu da ƙannenta. Sannan ta juya ga Kausar a gaban kowa ta ce, "Rijiyar bayan gidan Gwaggo tana wari fiye da kima. Na je na sunsuna. Me ya faru?"

Kausar ta amsa cewa an zuba mata fiye da yadda ya kamata, cikin gaggawa, kuma za su koma su gyara. Jin ma'aikaciyar lafiya ta amsa kuskure da bakinta ya kwantar da mutane fiye da duk bayanin da aka yi.

Hansai ta ce, "Ni dai har yanzu raina bai kwanta da farin garin nan ba."

"To kar ki sha, Gwaggo. Kina da itace, kina da wuta wuni guda a murhun banda. Tafasa ruwanki."

Aka hura wuta a wurin, aka tafasa ruwan ƙwaryar Hansai a 'yar tukunya, aka bari ya huce. Ta sake ɗigawa da hannunta, ta leƙa, ta daɗe tana nema. Babu abin da ke motsi.

Ba a wannan ranar cutar ta tafi ba, kuma ba kowa ne ya yarda ba. Akwai waɗanda suka ce siddabaru ne, an shafa wa gilashin wani abu. An ci gaba da kai mutane rumfar jinya, an kuma yi wasu rashe-rashen. Amma washegari da Safara'u ta wuce ta gidan gwaggonta ta ga babbar tukunya a kan wuta kusa da kifi, da tuluna jere na maƙwabta suna jiran layi. Hansai ba ta sha ruwan rijiya mai magani ba har daminar ta wuce, sai dai duk matar da ta zo sayen kifi sai ta tambaye ta ko ta tafasa ruwan gidanta, in ta ce a'a ta sha faɗa.

Safara'u ta rufe laburare rabin wuni kullum, ta ɗora akwatin katakon a bayan babur, ita da Kausar suka bi ƙauyuka. Sun je Utai, sun je Achika, sun kafa tebur a gindin bishiya da ƙofar gidajen masu unguwanni. Ko'ina sai ta ce a ɗebo ruwa da hannun masu shi, ko'ina kuma sai ta faɗi abin da madubin ya nuna da abin da bai nuna ba. Ta koyi yin saƙon murya ita ma, tana farawa da sunanta da na mahaifinta da inda za a same ta in ana da tambaya. Duk yawan leƙawar da ta yi, ba ta taɓa sa ido a madubin nan ba tare da ta ji tsigar jikinta ta tashi ba.

Da ruwa ya ɗauke cutar ta lafa, Malam Muhyiddeen ya mayar da madubin makaranta. Sai dai laburaren bai koma shirunsa na dā ba. Mutanen da ba su iya karatu ba, waɗanda a dā suke ganin wurin ba nasu ba ne, suka riƙa tuɓe takalmi a baranda suna miƙo waya. Da mashaƙo ya shigo bayan shekara biyu, iyaye mata sun riƙa zuwa da saƙonnin da aka turo musu kan allurar rigakafi tun kafin su yanke shawara. Wani saƙon ta ce ƙarya ne, ta nuna dalili. Wani ta ce akwai gaskiya a ciki amma an yi ƙari. Sau da yawa kuma takan ce, "Ban sani ba, ku ba ni zuwa gobe," kuma goben za a same ta da amsa ko da sunan wanda ya sani.

Wata Juma'a da ba a daɗe ba, ana tsakiyar cin kasuwa, wasu Fulani biyu suka taso daga kara, kasuwar shanu, da sandunansu a kafaɗa suka yi sallama a barandar. Babban ya ce an ce nan ne ake duba magana. Ya kunna mata wani saƙo da ke cewa wata sabuwar cuta ta shigo wa shanu, kuma allurar da ake yi musu ce ke kawo ta. Safara'u ta saurara har ƙarshe, ta sa ya sake kunnawa.

"Gaskiya, Baffa, ni ban san shanu ba," ta ce. "Amma na san likitan dabbobi, kuma yau yana kara. Ku zauna ku sha ruwa, bari in kira shi ya zo mu ji tare."

Suka jingine sanduna, suka zauna a kan benci, ta ɗauko waya.